Ta Ce Tana Fashin Salla, Amma Sallayarta Da Danshi

Assalamu alaikum Anti.

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana. Abin da ke cina ba na iya faɗa wa aboki, ba na iya faɗa wa mahaifiyata, wadda kuma ya kamata in faɗa wa ita ce nake zargi. In maganar ta yi tsawo ki yi haƙuri, ban san inda zan yanke ta ba.

Ni mai faci ne. Ina da 'yar rumfa a bakin titi, da injin ba da iska, da daron ruwan da nake tsoma robar taya in nemo inda take yoyo. A tsallaken titin akwai kemis, gefen kemis ɗin kuma layin da muke haya ne, ɗaki ɗaya da 'yar baranda, banɗaki na haɗaka da sauran 'yan haya. Na faɗi wannan ne don ki gane cewa daga kan bencina ina ganin duk mai shiga layinmu da mai fita. Ba gadin kowa nake ba. Aikin ne haka, rabinsa jira ne, in babu taya sai kallon titi.

Shekararmu biyu da wani abu da aure. Ni na gan ta na ce ina so, ita ma ta ce tana so, babu wanda ya tura wani. Ba ta da hayaniya. Saƙa take yi, hulunan jarirai da safa, tana kai wa wata mai shago. Ban taɓa dawowa na tarar da ita ta ɗaure fuska don na shigo da baƙin mai a jiki ba, sai dai ta ce in tsaya a ƙofa ta fara tantance ko mijinta ne ko taya ce ta gangaro. Har yau Allah bai ba mu haihuwa ba, kuma mu biyun muna nema. Ko in ce, haka na ɗauka.

Tun farkon aure na lura al'adarta ba ta da tsayayyen lokaci. Mu huɗu ne a wajen Inna, duk maza, saboda haka ban taso na san waɗannan abubuwan ba, sai abin da idona ya koya min. Wani lokaci ta zo kan wata, wani lokaci ta tsallake. Ranar da ta fara ce min ta yi ɓatan wata biyu, tana faɗa tana rufe fuska, murna ta hana ni zama. Kafin in buɗe rumfa sai da na biya na sanar da Inna. Inna ta zo da kanta, ta hana ta ɗaukar bokiti, ta hana ta sunkuyawa shara, har ta fara lissafin wanda za a yi wa takwara. Ana cikin wata na uku sai jini ya ɓalle mata, mai yawa, har da guda-guda. Inna ta ce ɓari ne. Na ce ko mu je asibiti, ta ce ita da ta haifi huɗu ba sai wani ya nuna mata ɓari ba. Aka yi mana jaje, muka yi haƙuri.

Anti, haka aka sake yi har sau biyu. Ɓatan wata, murna, sai jini. A na ukun ne fuskar Inna ta canja. Ta ja ni waje ta ce na farko ƙaddara ce, na biyu ma ta yarda, amma na uku a duba hannun mai cikin. Ta ce yaran yanzu akwai abin da suke sha. Ranar nan a gabana ta riƙe damtsen matata wai tana yaba ɗinkin hannun rigarta, amma ina kallon babban yatsanta yana dannawa yana lalube. Abin hana ɗaukar cikin nan da ake sa wa mata a damtse mai kama da tsinken ashana take nema. Matata ko janyewa ba ta yi ba. Ta bar mata hannun har ta gama, sannan ta tambaye ta ko a ƙara mata shayi.

Daga wannan lokacin ne abin ya daidaita, wai. Duk farkon wata sai ta ce min tana fashin salla. Inna ta tambaye ni, in ce mata yanzu lafiya lau, kowane wata yana zuwa. Ni ma da farko na yi hamdala. Amma a hankali sai na ga akwai abin da bai zauna daidai ba.

Na san matata in abin ya zo mata da gaske. Kafin ya zo sai ƙuraje sun fito mata a haɓa. Ba ta ƙaunar warin sholisho, gam ɗin da muke faci da shi, sai ta sa na tuɓe rigar aiki a baranda. Tana cika gorar roba da ruwan zafi ta ɗora a mara, ta kwanta a dunƙule, ko saƙar ba ta taɓawa. Akwai wani tsohon zane mai duhu da take ɗaurawa. To watanni kusan huɗu ke nan, zanen kawai nake gani. Babu ƙuraje, babu gora, rigar aikina ma ita ke karɓa ta rataye tana hira. Zanen kuwa tana ɗaura shi a kan lokaci, kamar ma'aikaciyar da ke sa kayan aiki.

Wata rana injin iskata ya tsaya, na rufe rumfa da azahar na nufi gida, kuma a cikin kwanakin da ta ce tana fashi ne. Na tarar da ƙofa a sakale ta ciki, abin da ba ta yi da rana. Na ƙwanƙwasa, ta jima kafin ta buɗe. Girarta a jiƙe. Buta a cikin ɗaki, da wani ƙaramin baho da aka tura ƙarƙashin gado bai gama shiga ba. Da zan rataye riga a bayan ƙofa hannuna ya taɓa sallayarta a ninke, na ji danshi daidai inda goshi ke sauka. Wato a cikin ɗaki take alwala don kada matan gidan su gani, ta kulle ƙofa ta yi sallarta. Ban nuna na gane ba. Na ci abinci, na ce ya yi daɗi.

Bayan nan na hau kujera zan sauko da bargo daga akwatin da ke saman wadirob. Ba bincike na je yi ba, Allah ne shaida. Sai ga audugar matan da ni da kaina nake sayo mata duk wata, a jere, ko leda ɗaya ba a yaga ba. A gefensu akwai wata 'yar hular jariri ruwan ɗorawa da na san ta saƙa tun bara, na ɗauka ta sayar. Sai kuma kwalbar man shafawa da ya ƙare, a ciki wasu ƙwayoyi farare ƙanana, an ɓare su daga katinsu an zuba. Babu kwali, babu suna, babu komai.

Na san ta inda suke shigowa. Yayarta, wadda ita ta raine ta, tana zuwa gidanmu a kai a kai. A da sai ta fara tsayawa a rumfata ta tsokane ni, ta ce angon ƙanwarta ya koma kalar sana'arsa, ta sa in saya mata ruwan sanyi. Yanzu kemis take fara shiga, ta fito da baƙar leda a cikin mayafi, ta shige layi. In za ta tafi ne take ɗago min hannu daga tsallake, ba ta ƙetarowa. Na taɓa shiga wajen mai kemis ɗin na ɗan zagaya da maganar, ya yi dariya ya ce in da yana faɗin abin da mata ke saye da tuni ya rufe shago. Dariyar nan har yau tana min yawo a kunne.

Akwai abokina Dogo, bakanike ne a gefen rumfata. Na ba shi labarin a kan cewa wani ne abin ya faru da shi. Ya ce to wannan wanin sakarai ne, duk ƙwayar da aka raba da katinta aka ɓoye a kwalbar mai, maganin hana ɗaukar ciki ce, ko makaho ya shafa ya sani. Na yi dariya tare da shi, amma ranar sau biyu ina manna faci a inda babu huji.

Abin da ya sa maganarsa ta kama ni, matata ta taɓa gaya min tun muna zance cewa tana tsoron haihuwa, don wajen haihuwar ƙaninta mahaifiyarsu ta rasu, tana ƙarama, kuma ta ga lokacin da aka fito da ita. Sau ɗaya ta faɗa, ba ta sake ba. Sai nake tunanin ko tsoron ne ya fi ƙarfinta, ita da Yaya suka haɗa baki, ni kuma aka bar ni ina addu'a a kan abin da ake toshewa ta baya. Har nakan ce ko ɓarin nan uku ma Inna ce ke da gaskiya. In na kai nan sai in yi istigfari, don na ga yadda take kuka a lokacin. Kuma macen da ba ta son haihuwa, me zai sa ta yini da jaririn maƙwabciya a baya, me zai sa ta ajiye hula? Amma kuma mai gaskiya me zai sa ta kulle ƙofa? Haka nake yini, in ɗora wannan in sauke wancan.

Ga kuma wani abu, ki gafarce ni. Kwanakin nan da take cewa tana fashi, tana nesa da ni, wajen mako guda duk wata, alhali lafiyarta ƙalau. In haihuwa muke nema, ashe ba asara muke yi ba?

Maganar asibiti na yi mata sau biyu. Na farko ta ce mu bari sai wani watan. Na biyu ta fashe da kuka, ta ce in likita ya ce ita ce mai matsalar me zan je in gaya wa Inna. Har yau ban ba ta amsa ba. Ni kaina ba wai hankalina a kwance yake ba. Ina saurayi na yi ciwon hangum mai tsanani, kuma na ji ana cewa yana taɓa maza. Ban taɓa gaya wa kowa wannan tsoron ba.

Yanzu Inna ta ce haƙurinta ya kusa ƙarewa, za ta je wajen mahaifin matata da kanta ta ce ya tambayi 'yarsa abin da take sha. Ina ta ba ta baki. Ba ta san maganar sallaya ba, ba ta san ta ƙwayoyin ba. Ranar da ta sani, na san auren nan ya gama yawo, don abin da za ta faɗa a gidan surukaina ba zai kwasu ba. Ni kuwa ina son matata. Amma ba na so in zama wawan da kowa ya san abin da ake ciki sai shi.

Na ɗauki ƙwaya ɗaya na ƙunshe a takarda, tana aljihuna. In kai ta wani kemis mai nisa a gaya min ko mene ne? In tare Yaya? Ko in ci gaba da sa ido har in kama su hannu da hannu? Kuma Anti, al'ada mai tsallake irin wannan tana da magani, ana haihuwa da ita? Wane likita ake gani, me ake ce masa? Ni mai haƙuri ne, zan iya jira ko shekara nawa ne, amma ina so in san abin da nake jira.

Naki,
Mai Faci

*

Wa alaikumus salam, ɗana Mai Faci.

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Idonka yana gani ƙwarai, ban musa maka ko ɗaya daga cikin abin da ka lissafa ba. Matarka tana ɓoye maka abu, wannan gaskiya ne, kuma kana da haƙƙin jin ciwo. Inda zan riƙe ka shi ne wajen fassara. Ka ga sallaya, ka ga auduga, ka ga ƙwaya, amma ma'anarsu daga bakin Dogo ka karɓo, shi kuwa mota yake gyarawa.

Bari in fara da ɓarin nan uku, don a nan komai ya karkace. A duk wasiƙarka ban ga inda aka yi gwajin ciki ko sau ɗaya ba. Macen da al'adarta ke tsallake tana iya yin wata biyu ko uku ba ta gani ba alhali babu ciki, in kuma ya tashi zuwa ya zo da yawa har da gudaji, domin ya taru ne. A ido ba a bambance wannan da ɓari, ko mace ta haifi goma. Mai yiwuwa ɓari ne, mai yiwuwa kuma ba a taɓa samun cikin ba. Ka ga ke nan ana iya tuhumar yarinyar nan da zubar da abin da bai taɓa shiga ba.

Yanzu ka tsaya a inda take tsaye. Duk lokacin da watanta ya ɓata, labari ya kai wajen Inna, a yi murna, jini ya zo, a dawo ana kallonta. A karo na uku aka lalube mata hannu a gaban mijinta, mijin yana kallo bai ce uffan ba. Ban faɗa don in ɓata maka rai ba, na san kunyar uwa ce ta riƙe ka. Amma ita abin da ta koya a ranar shi ne ɓatan wata masifa ce, kuma duk abin da ta gaya maka zai isa gidan Inna kafin rana ta take. Wace hanya ta rage mata? Ta ƙirƙiro al'adar da ke zuwa kan lokaci don a sarara mata. Ba na yaba mata, ƙarya ce, kuma ta cutar da ku biyun, har da kwanakin da ka ce kuna asara. Sai dai ƙaryar mai tsoro daban, ta mai cin amana daban. Kuma ka lura, duk da haka ba ta yarda ta bar sallarta ba.

Ƙwayoyin kuwa, ni ban san ko mene ne ba, kai ma ba ka sani ba. Ƙananan farare suna da yawa. Akwai na janyo al'ada, akwai na taimaka wa ƙwai ya fita, akwai na ƙarin jini da ake ba mai neman ciki, akwai kuma na hana ɗaukar ciki, wanda shi ma wani lokaci likitoci kan bayar na ɗan lokaci don daidaita al'ada. Ba zan rantse maka cewa zarginka ƙarya ne ba. Yarinyar da ta ga an fito da gawar mahaifiyarta daga ɗakin haihuwa tana iya son ɗa da dukkan zuciyarta, tana kuma tsoron hanyar da zai zo. In ma hakan ne, abin da take buƙata likita ne da zai zauna ya yi mata bayani, da miji da zai saurare ta, ba taron dangi ba. Abin da ya fi damuna ba sunan ƙwayar ba ne. Damuwata ita ce tana shan magani babu kati, babu awo, ba a san abin da ke damunta ba, ba a ma tabbatar ko akwai ciki a yanzu ko babu ba. Kada ka ɗauki wannan maganar ka ruga da murna, kuskuren da aka yi sau uku ke nan. Na faɗa ne don ka san gaggawar abin.

Saboda haka kada ka kai ƙwayar wani kemis, kada ka tare Yaya, kuma ka daina jiran ranar kamawa. In ka kama ta, ka ci nasara a kan wa? Ka samu lokacin da babu kowa, ka zauna kusa da ita, ba a gabanta kamar alƙali ba. Ka fara da naka. Ka gaya mata tsoron da kake yi game da hangum, wanda ka ce ba ka taɓa gaya wa kowa ba. Sannan ka ba ta amsar tambayar da ta yi maka tana kuka ka yi shiru, don har yau amsar take jira: in likita ya ce ita ce, babu abin da za ka gaya wa Inna, domin maganar ta ku biyu ce. Bayan nan ne za ka ce mata ka san al'adar ba ta zuwa, ka ga maganin, ka ma ɗauki ɗaya, ga shi. Ka faɗi inda abin ya yi maka zafi, kada ka haɗiye. Sai ka yi shiru ka bar ta ta yi magana, ko da abin da za ta faɗa ba zai yi maka daɗi ba.

Amsar tambayarka ta lafiya kuwa mai sauƙi ce. Eh, al'ada mai tsallake tana da dalilai da aka sani, yawancinsu ana magance su, kuma mata da yawa masu irinta sun haihu. Galibi alama ce cewa ƙwai ba ya fita kowane wata. Wani lokaci sinadaran jiki ne suka hargitse, wani lokaci matsalar daga sinadarin maƙogwaro take, irin wanda ke kawo maƙoƙo, ko sinadarin da ke kawo ruwan nono ya yi yawa, ko ƙiba, ko rama, ko damuwa mai tsanani, wadda kuwa matarka ba ta rasa ba. Ku je babban asibiti ku ce kuna son ganin likitan mata, ɓangaren masu neman haihuwa. Shekara biyu ta wuce lokacin da ya kamata a duba ku, balle ga watanni ba ta ga jini ba. Za a fara da gwajin ciki, a ɗebi jini, a yi mata hoton mara. Ta tafi da maganin, ta tambayi Yaya sunansa ko ta karɓo kwalin, kuma ta dakata da shan sa har likita ya gani, sai fa in wani likitan ne ya rubuta mata, to ta faɗa. Ta gaya wa likita gaskiyar lokacin da ta ga jini na ƙarshe, na gasken, ba na zane ba. A faɗa masa labarin ɓarin nan yadda ya faru, da cewa ba a yi gwaji ba. In tana ganin gashi a haɓa, ko ruwa a nono, ko nauyinta ya canja, duk ta faɗa, babu abin kunya a ɗakin likita.

Kai ma ka nemi a gwada maniyyinka a zuwan farko, kada ka jira a ce maka. Hangum yakan taɓa wasu mazan, musamman in ya sauka ƙasa ya kumbura maraina, amma mafi yawan waɗanda suka yi shi suna haihuwa. Gwajin ba shi da wahala, kuma ranar da ta ga ka miƙa kanka a duba, rabin tsoronta zai sauka. Kafin ranar asibiti, in jini ya ɓalle mata da yawa har tana jiri, ko ta ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, kada a tsaya neman ra'ayin kowa, a wuce asibiti nan take.

Saura Inna. Uwa ce, jika take so, ba mugunta ke tura ta ba, amma zuwanta gidan surukanka zai fasa abin da ba za ka iya ɗinkewa ba. Ka je ka same ta kafin ta yafa mayafi. Ka durƙusa ka ce mata kun fara ganin likita, ku biyun ake dubawa, kana roƙon ta ba ku lokaci ta bi ku da addu'a. Kada ka ƙara ko kalma a kan wannan. In ta tambaye ka lissafin watan matarka, ka ce likita ke riƙe da shi yanzu. Za ta yi fushi, za ta ce an mallake ka. Ka jure, fushin uwa a kan ɗanta yana hucewa, amma kalmar da za ta faɗa wa mahaifin yarinyar nan ba za ta goge ba. Nan gaba kuma ko an ga ɓatan wata, gwaji tukuna, sannan ku biyu ku yanke ranar da za a faɗa da wanda za a faɗa wa.

Ka ce kai mai haƙuri ne, na kuma yarda. Amma watannin nan da ka yi kana kallo kana shiru, ita ma shiru take yi a gefenka, kowa da tsoronsa a gado ɗaya. Wannan haƙurin ya isa haka. Ka yi maganar a makon nan.

Allah ya ba ku lafiya, ya sa abin ya zo da sauƙi, ya azurta ku da zuri'a mai albarka. In kuma ya ga dama ya jinkirta, ya sa jiran ya same ku kuna tare, kuna gaya wa juna gaskiya.

Antinku